Filin da Ya Ƙi Shan Ruwa

"Sannu da aiki, ɗan kawu. Kabarinka kake haƙawa tun da ranka, don ka san ba mai zuwa jana'izar?"

Halliru bai ɗago ba. Yana tsaye cikin rami iya gwiwa, a kangon da ya gada a gindin dutsen Kazaure. Fara ta cinye geronsa bana, rumbu ko ɓera ya daina leƙawa, filin nan kaɗai ya rage ya sayar ya ci da iyali. Wani bafatake daga Ɓaɓura ya taya, amma tun da Nasara suka kawo duba-gari, ba a gina gida sai da salga mai zurfi, kuma sai an zuba ruwa a ramin an ga ƙasa ta shanye. Shi kuwa duk inda ya sara, dutse yake tararwa.

Mai maganar Shatu ce, taubashiyarsa mai gidan maƙwabta, da tulu a ka.

"Baiwa, zuba ruwan ki rufe mini baki. Da bakinki diga ne da tuni na kai ƙasa ta bakwai."

Ya fito, ta juye tulun. Ruwa ya kwanta shiru, har Halliru na hango fuskarsa a ciki.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Shatu. "Kawu bai taɓa ba baƙo ruwa ba, ga filinsa ya ƙi sha."

"Gwaggo kuwa ta sha har da kason maƙwabta, shi ya sa aka haife ki kamar randa."

Ta tambaye shi ko ya gwada ko'ina. Ya ce saura kusurwa ɗaya, can gabas, inda ƙasa ke da laushi kamar garin tuwo. Shatu ta bi yatsansa da kallo. Dab da rijiyarta ne, wadda duk unguwa ke ja.

"Wato bafatake ya ci a Ɓaɓura, mu mu sha a Kazaure? In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Gajeren ne ai duba-gari ya hana."

Ya zauna a bakin ramin, ya dafe kai. Ya san ko duba-gari ya kau da ido, ba zai sara wurin nan ba, 'ya'yansa ma daga rijiyar suke sha. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ciniki ya mutu ke nan.

"Shi ke nan, baiwa. Ramin ma ya ishe ni, in an lanƙwasa ƙafafun."

Shatu ta yi dariya, amma gajeriya. Ta ɗauki tulunta, ta ce ya turo yara da yamma, akwai damin gero na gayaunarta.

"Ba don kai ba ne. In ka mutu, wa zan zaga?"

Ya leƙa ramin. Ruwan na nan inda aka zuba shi.