Kwamfutar Na-Riga-Na-Sani Ta Ƙi Barci

Duk faɗin kamfanin babu masani kamar babban injiniya, shi da kansa ya shaida hakan. Ma'aikata suna kiransa Na-Riga-Na-Sani, domin da wannan kalma yake tarar kowace magana tun ba ta gama fita daga bakin mai ita ba.

Shi aka ɗora wa rubuta manhajar da ke kwantar da sabuwar kwamfutar cinya idan an rufe murfinta. Aikin yana da ƙa'ida. Madannai da allon shafawa kowanne yana da ƙararrawar da yake kaɗa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kafin barci sai an kashe su duka, a bar ta murfi kaɗai. Gwanin namu ya ga wannan aikin ƙananan ma'aikata ne, ya tsallake.

Mai gwaji, wata mata da ta shekara goma tana kama kurakuransa, ta same shi a ofis.

"Yallaɓai, an bar ƙararrawar madannai a kunne. In jaka ta matse murfin..."

"Na riga na sani, ƙanwata. Lokacin da na fara wannan sana'a, ke ko linzamin kwamfuta ba ki iya riƙewa ba."

Ranar nuna wa darakta aikin, wadda a ita za a zaɓi shugaban sashe, ya rufe kwamfutar a gaban kowa, ya cusa ta a jakar fata, ya rataya.

"Yanzu ta kwanta. Ko kwana bakwai za ta yi, batirinta ba zai ragu ba."

Ya shiga ba da tarihin kansa. Duk inda ya zo wurin yabo sai ya daki jakar, madannai su kaɗa, kwamfuta ta farka. Wuraren yabon kuwa suna da yawa. Fankar kwamfutar ta yi ta gurnani a ƙugunsa, gumi ya jiƙa masa gefen riga, bai ji ba, domin muryarsa yake saurare.

Bayan awa biyu ya ciro ta da zafi kamar dutsen guga. Ya buɗe. Allo baƙi ƙirin, batiri ya ƙare.

Darakta ya ba mai gwaji shugabancin. Shi ma Na-Riga-Na-Sani ba a bar shi haka ba. Kullum da safe takan miƙa masa jakar, ya yi ta zagaya baranda yana dukanta, a ga ko gyaran da ta yi ya zauna.