Ranar da Ƙaramar Hukuma Ta Gano Ina da Dangi

Ranar Talatar makon jiya na yi minti goma a durƙushe bayan kujerar falo, da shekaruna sittin da takwas da gwiwar da likita ya hana ta lanƙwasa. Wani mutum ne mai baƙar kwat da jaka yake ƙwanƙwasa mana ƙofa. A unguwarmu mai kwat ba ya zuwa don gaisuwa, ni kuma na san laifina: na jefa gwangwanin fenti a kwandon sharar takardu, abin da hukuma ta hana. Ina nan a maƙale sai na ji muryar matata Glenda: "Yana ciki, shigo. Cliff, fito haka nan, ƙafafunka a waje suke."

Baƙon ya ce sunansa Mista Lumb, aikinsa farautar magada. Ashe idan mutum ya mutu ba wasiyya, ba a kuma san danginsa ba, ƙaramar hukuma ce za ta binne shi daga aljihunta, abin da yake tayar mata da ciwon kai nan take. Sai ta miƙa sunan mamacin ga kamfani irin na su Lumb, su yi ta tonon rajistar haihuwa da ta aure har su cafko wani mai numfashi. Kamfani ya yanki kasonsa a gadon, hukuma ta rabu da gawa.

A nan, masu karatu, dole in cire hula in jinjina wa shugabanninmu. Shekara biyu ina rubuta wa Mai Girma Sarkin Magudanai takarda a kan kwalbatin da ya toshe a bakin layinmu. Amsa ɗaya na taɓa samu, wai adireshina ba ya cikin na'urarsu. To a ina takardar ta same ni, Allah masani. Amma da gawa ta shigo maganar, kwana huɗu rak aka samo ni, da sunan mahaifiyata na ƙuruciya, da cocin da aka ɗaura auren kakannina. Duk mai cewa ma'aikatanmu barci suke yi, bai taɓa ganin su suna gudun kuɗin akwatin gawa ba.

"Wani ɗan'uwanka ne ya rasu, Mista Ogden," in ji Lumb.

Na sunkuyar da kai, na haɗa fuskar juyayi. A cikin zuciyata kuwa na riga na sayi ɗan gida a bakin teku, har ina shawarar launin labule. Glenda ta fito da kofunan shayin da ba a taɓawa sai ranar Kirsimeti.

"Allah sarki," na ce. "A Kanada ko Ostareliya?"

"Layi uku daga nan. Arnold Thwaite."

Na ajiye kofin. Na san Arnold Thwaite. Lambunsa na jikin nawa a filin kayan miya na bayan gari, kuma shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji da juna, saboda tattabarunsa da suke cinye mini kabeji. Sau biyu na kai ƙararsa a rubuce. Ban taɓa kiran sa da sunansa ba, Tsohon Tattabaru nake ce masa, shi kuma ya ce mini Direban Ƙorafi, saboda bas na tuƙa kafin in yi ritaya.

Lumb ya baje wata doguwar takardar salsalar dangi a kan tebur, ya bi layi da yatsa. Arnold ɗan yayar mahaifiyata ne, wata Edna, wadda kakana ya kora daga gida tun kafin a haife ni don ta auri wanda ba ya so. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunanta ba.

Kafin yamma labari ya gama layi. Maƙwabciyarmu Misis Pickersgill ta leƙo ta kan shinge.

"Na ji an ce ka zama attajiri, Cliff. Za ka ci gaba da gaishe mu?"

"Arnold ne ya mutu. Wai ɗan'uwana ne."

"Ai ni na daɗe da zargi. Kunnuwan nan naku ba a samun su a kasuwa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa wa wa? Kai da in ka hango shi sai ka tsallaka titi." Ta gyara tsayuwa. "Kwana tara ya yi a kwance a kicin kafin mai kawo wasiƙu ya lura. Ba ka ji ba?"

Ban ji ba. Abin da na lura da shi a waɗannan kwanaki shi ne tattabarun sun daina fitowa, kabejina ya samu lafiya. Har na ce wa Glenda da alama tsohon ya fara hankali.

Washegari wata jami'a ta bugo waya daga ofishin Mai Girma Magajin Maƙabarta, da murya mai taushi kamar ta san mamacin. Ta yi mini ta'aziyya sau uku, sannan ta tambaya ko iyali za su karɓi jana'izar. In ba haka ba, su za su yi tasu: ƙarfe takwas da rabi na safe, kabarin haɗaka, ba dutse, ba suna. Na rufe bakin wayar na fara yi wa Glenda bayanin cewa ni fa ban san mutumin ba.

"Ka san shi sarai," ta ce. "Ka karɓa."

Na karɓa. Gadon kuwa ga shi: gidan na haya ne, sai rumfar katako, da kofin gasar tseren tattabaru guda, da tattabaru goma sha huɗu da wani mai lambu ya ceta da ruwa da hatsi. Na ce wa Lumb ya zo da kwali ya ɗebi kason kamfani. Ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan barkwancin.

Mu biyar ne a wurin binnewa: ni, Glenda, Misis Pickersgill, limamin coci, sai Lumb, wanda ba wanda ya gayyace shi. Limamin ya ce ko iyali suna da abin faɗa. Na miƙe, na gyara murya, na ce, "Yana son tattabaru." Na tsaya ina laluben na biyu, babu, na zauna. Sai Lumb ya tashi ba tare da ya duba takarda ba. Ya ce Arnold ya yi shekara talatin a masaƙar ulu har aka rufe ta. Ya yi jinyar mahaifiyarsa shekara tara, bai yi aure ba. Duk ranar haihuwarta yakan hau bas ya kai fure kabarinta. Bas mai lamba goma sha biyu, wadda ni na tuƙa. Mutumin da aka biya ya san shi cikin kwana huɗu ya fi ni da abin faɗa.

Da muka koma gida na sake buɗe takardar dangin da Lumb ya bar mini, niyyata in rubuta wannan shafi in kwashe wa hukuma albarka a kan rashin sanin mutanenta. Kusa da sunana sai ga na ƙanwata Hazel, da adireshin da ban sani ba. Ashe ta tashi daga tsohon gidanta shekara huɗu da suka wuce. Rabona da ita tun ranar da muka yi cacar baki a kan agogon bangon mahaifiyarmu. Na roƙi Lumb lambarta, na buga.

"Wa kuma ya mutu?" in ji ta.

"Ba kowa."

"Ba ka da lafiya ne, Yaya?"

"Lafiyata ƙalau."

"To Lahadi, ƙarfe ɗaya. Ka zo da Glenda, ita ba ta yi mini komai ba."

Zan je, har da agogon a leda. Kada dai ku ɗauka na zama mutumin kirki a tsufana. Rowa ce kawai: ba zan yarda ranar da na mutu wani kamfani ya ci kaso don ya nuna wa ƙanwata ƙofar gidana ba.