Ɗan Rakiyar Harsashi

Wani ne a garinmu, can cikin duwatsun Kentucky, ya ga duk abokansa sun haɗa bindigar toka da hannunsu, kowa ya rataye tasa a falo yana hura hanci. Shi ma ya aika kamfani a kawo masa tasa.

Kwali ya iso. Yana buɗewa ya ga bututu daban, ƙota daban, kunama da ƙusoshi a ƙulle cikin leda. Nan take ya buga wa kamfanin waya, wata mata ta ɗauka.

"Baiwar Allah, bindigarku ta tarwatse a hanya!"

"Yallaɓai, haka muke sayar da ita. Kai za ka haɗa."

"Ni? To ku aikin me kuke yi a can?"

"Mu muke sa ta a kwali."

Ya zauna da takardar bayani. An ce a goge ƙota da sanfefa har ta yi sumul, ba a faɗi ranar dainawa ba. Sati uku yana gurza. Matarsa Darlene ta leƙo gareji, ta ɗaga abin ta juya shi.

"Kai, sannu da ƙoƙari! Dama muciyata ta karye."

Ya ƙwace abarsa. Da ya gama haɗawa sai ga ƙusoshi huɗu sun yi saura. Ya ce kamfanin nan akwai mutunci, har da gyara suke bayarwa.

Ana saura kwana biyar bikin godiya, ranar da kowane gida ke cin talo-talo, aka sa gasar harbi a gonar tsoho Hoyt. Harbi uku-uku, wanda ya fi kusa da tsakiyar allo ya tafi da talo-talo. Mutuminku ya ce wa Darlene, "Kada ki kuskura ki sayi nama. Ki gayyato iyayenki kawai, ki wanke babbar tukunya."

A filin, ya tura harsashi cikin bututu, ya danna da sandar ɗuri, ya ja kunama. Ƙyas! Shiru.

Hoyt ya ce, "Ɗana, ka zuba albarushi kuwa?"

"Yanzu zan zuba a kai."

"Albarushi ake fara zubawa!"

"Haba Mista Hoyt, ai duk ciki ɗaya za su."

Ƙarti uku suka yi rabin awa suna gumi kafin su zaro harsashin.

Aka sake ɗuri. Ɗau! Wani guga ya faɗo daga kan shinge, nesa da allon kamar taku ashirin. Harbi na biyu kuwa babu wanda ya san inda ya nufa, sai dai an ji shanun maƙwabta sun yi kuka.

Hoyt ya ce, "Ɗana, harsashin nan naka baƙo ne a garin nan. Bai san hanya ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Mutuminku ya tuna surukai na tafe ga tukunya babu komai. Ya ɗura na uku a gaggauce, ya bar sandar a cikin bututu. Kafin a ce "tsaya" ya saki wuta.

Hayaƙi ya turnuƙe, kowa ya kwanta rub da ciki. Da ya washe, sai ga sandar cake a tsakiyar allo, tana ta karkarwa.

Mutuminku ya yi tsalle. "A miƙo talo-talo!"

Hoyt ya tashi yana kakkaɓe gemu. "Wane talo-talo? Sanda ka harba! Harsashi muke dubawa, kuma ko ƙyallinsa babu a allon nan."

"Mista Hoyt, ba kai ka ce bai san hanya ba? Na haɗa shi da ɗan rakiya, ga ɗan rakiyar can ya isa. In shi ya tsaya gaisuwa a hanya, sai mu ɗan jira shi."