Taki Arba'in Daga Rijiya

"…Ina gajiya, Agwai? Yaya mutan gida?" in ji Iorfa da gurguwar Hausarsa, yana kiran maigidan da sunan tsokanar Fulani.

"Ga su nan kana gani," in ji Bubayero, ya nuna akuyar da ke ɗaure a turke.

Bubayero Bafulatani ne da ya ajiye sanda a gefen Azuba, kusa da Lafiya. 'Ya'yansa sun bi shanu kudu shekara huɗu ke nan, matarsa Ma'u kuma ta rasu bara. Abin da ya rage masa rijiya ce mai ruwan daɗi. Don ita matan unguwa ke shigowa da hantsi, su gaishe shi, su yi hayaniyarsu su watse. In ba su ba, sai ya wuni bai ji muryar mutum ba, kuma abin na cin ransa. To, sai duba-gari ya ce kowane gida ya haƙa salga kafin damina. Shi ya sa ya aika wa Iorfa, wani Tibi manomin doya da ya san ƙasa. Tibi da Fulani kuwa ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna da wasa ba.

"Nan za ka haƙa," in ji Bubayero, ya dangwala sanda taki biyar daga rijiya.

"Nan? Kai da ka tsufa kana tsuguno a daji kamar zomo, yau kai ne malamin salga?"

"Ka dai haƙa, bawana. Kakanka ya cinye wa kakana shanu, da guminka za ka biya."

"Shanun nan ko kitse babu, mun ci ne don tausayi."

Iorfa ya sa galma ya yi rami iya gwiwa, ya damƙo ƙasar ya miƙa masa. Laka ce fara-fara, da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa.

"Ka ga wannan? In damina ya yi, ruwa har nan yake zuwa ya zauna."

"Ƙarya kake, ƙasa a bushe ƙayau."

"Yanzu rani ne, Agwai. Ni ƙasa yana faɗa mini gaskiya, ba kamar Fulani ba."

Ya ja guga ya juye a ramin. Suka tsaya suna kallo. Ruwan ya yi zamansa, ko motsi bai yi ba.

"Bai sha ba," in ji Iorfa. "Can bayan tsamiya, inda gangare ya bar rijiya, akwai jan ƙasa. Taki arba'in."

"Arba'in! Da wannan gwiwar? So kake in mutu a hanya ka gaje akuya."

"Akuyan da ya fi ka rama? Ka ji, in na haƙa a nan, wata biyu da ruwan sama, abin da ka ajiye da safe shi za ka ɗebo a guga. Ngunan matata ba zai ƙara zuwa ɗiban ruwa ba. Sauran mata ma haka."

Bubayero ya juya wajen rijiya. Ya dubi bakin rijiyar inda igiya ta ci itace, ya dubi tsakar gidan. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da kura ta shiga masa garke.

Ya ɗaga sanda ya fara takawa yana ɗingishi, yana ƙirgawa da Fulatanci. Iorfa na biye da galma a kafaɗa.

"Yi sauri mana, tsoho, kafin damina ya same mu a hanya."

A gindin tsamiya Bubayero ya tsaya yana haki, sai dariya ta ƙwace masa.

"Ka ci, maciyin shanu. Kwana nawa aikin?"

"Uku, in ba ka dame ni da surutu ba."

"Akwai zabuwa, na ba ka. Tuwon rana ma a kaina." Ya kau da kai, yana tonon ƙasa da bakin sanda. "Amma kada ka yi gaggawa. Ka yi shi a kwana bakwai."