Janareton Apa Ya Rasu a Cikin Bargo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Esentur, malamin labarin ƙasa a garin Narin, nake sanar da rasuwar jan janaretonmu, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a makiyayarmu ta rani, can kan dutse a bakin tafki, bayan gajeriyar jinya.

Marigayi bai taɓa yin abu a ɓoye ba. In an ja igiyarsa sai ya yi tari, ƙuh, ƙuh, ya ɗan yi tunani, sannan ya ɓarke da ruri har makiyayan ƙetaren tafki su san mun iso. Amma amintacce ne. Mahaifiyarmu, Apa, ƙirjinta ya raunana, kuma ta rantse rani ba zai same ta a gidan bene ba, tunda a kan dutsen nan aka haife ta. Marigayi ne ke riƙe na'urar da ke ba ta iska, da hitar da ke ɗumama ƙafafunta, bai taɓa neman komai ba sai fetur.

Maƙiyansa su ne goɗiyoyin ƙanena Jirgal. Goɗiya ba ta sakin nono ana ihu a kanta, kuma kowa ya san nonon goɗiya maganin ƙirji ne. Ni kaɗai nake shakka, da digirina, kuma ba a tambaye ni ba.

"Yaya, jakin nan naka ya ƙafar mini da goɗiyoyi," in ji Jirgal. "Me Apa za ta sha? Hayaƙi?"

Na ce, "To me za ta shaƙa, likita? Nono?"

Apa ta zare robar hancinta ta ce, "Ku fita ku biyun. Kun fi injin ƙara, shi ko yana da amfani."

Ranar Talata na tafi ɗebo ruwa. Jirgal ya ɗauko bargon ulu mai kauri, irin wanda muke rufe tanti da shi, ya naɗe marigayi tsaf kamar jinjirin hunturu, ya ɗaure da igiya. Rurin ya koma bu, bu, bu. Goɗiyoyi suka saki nono. Daga nan aka ji ƙauri, sai shiru. Ba na zargin kowa; a gidanmu duk abin da muke ƙauna bargo muke lulluɓa masa.

Marigayi ya bar jarka biyu, da waya mai faci, da Apa, wadda yanzu ta dogara da tukunyar iskar ajiya, ita ma ta kusa ƙarewa.

Na sauka kasuwa neman magaji. Akwai ƙarami mai raɗa, wanda ko ɗan goɗiya zai yi barci a gefensa, amma mai shago ya ce a kan dutse iska ba ta da yawa, ba za ta ishe shi ba: zai riƙe ko na'ura ko hita, ba duka ba. Wannan darasin nake koya wa yara duk shekara, ban zaci zai biyo ni gida ba. Akwai babba, muryarsa sak ta marigayi, amma Jirgal ya rantse in ya shigo zai kora garken bayan tsauni, Apa kuwa ba don kallon ciyawa ta hau ba. Na tsaya tsakaninsu har mai shago ya kawo mini shayi. Na dawo hannu rabbana.

Za a ɗauki gawa gobe da safe a bayan akori-kurar maƙwabcinmu, zuwa wurin masu tsohon ƙarfe. Apa za ta zauna a gaba, za ta koma gidan bene inda akwai wutar lantarki. Ta roƙi direba ya bi ta gefen garke, a hankali.

Masu ta'aziyya su same mu a tanti, babu hayaniyar da za ta hana a ji addu'arsu. Kowa ya zo da kwanonsa. Nono bai taɓa yawa kamar na bana ba, kuma wadda aka tatsa dominta daga gobe ba ta nan.