Kwana Goma Sha Huɗu a Sama

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da surukina, Malam Ɗan Jimo, ya tashi zuwa Makka ta jirgin sama ba. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin boko, a lekol ɗin Madarunfa, ina ɗaure wando har cibiya, ina jin duk ilimin duniya yana aljihuna.

Surukata Inna Kulu ce ta aiko matata da tambaya. Kunya ba ta barin ta yi mini magana kai tsaye. Wai kwana nawa jirgi ke yi daga Yamai zuwa Jidda, don ta san guzurin da za ta haɗa.

Ni kuwa ban taɓa ganin jirgi ba sai can sama, kamar shirwa. Amma mushe ya ce wa surukai bai sani ba? Allah Ya kiyaye! Na sauko da taswirar aji, na karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar kwana biyu a kamiyo, babbar motar kaya. Na riƙa ɗora shi har Jidda, ya shiga sau bakwai. (Har yau lissafin daidai yake, kaina ne ba daidai ba.)

"Ki ce mata kwana goma sha huɗu," na ce, ina gyara kwala.

Wayyo, matan gidan sun sha daka! Kwana uku turmi bai huta ba. Garin fura, dakuwa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifin tafki, har da tulun ruwa da gawayi, tun da ba a san inda jirgi ke yada zango ba. Da rakiya Inna Kulu tana ta faɗa wa mutane, "Mushenmu ne ya auna."

Ranar da Alhaji ya dawo, zaure ya cika, har mutanen garin Gabi sun zo. Na durƙusa nesa, kaina ƙasa. Wani tsoho ya ce, "Alhaji, yaya wahalar hanya?"

"Wace hanya? Bayan azahar muka tashi. Ina kiciniyar kwance ƙullin dakuwa aka ce mu sauka, ga Jidda." Ya kurɓi ruwa. "Tulu da gawayi kam tun Yamai aka raba ni da su. Mutumin filin jirgi ya tambaye ni ko ƙaura zan yi."

Zaure ya kece da dariya. Gumi ya jiƙa mini riga, na rasa inda zan sa idona.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ku bar mini ɗana. Dakuwar nan ita ta riƙe mu goma a Mina, duk sun yi wa mai lissafi addu'a."

Wallahi wannan ya fi dariyar sa ni hawaye.

Da jikata ta kira ni bara tana tambayar awa nawa ne zuwa Jidda, na riga na je sau biyu, amma cewa na yi, "Bari in tambaya." Na kuma ce ta sa dakuwa a jaka. Allah Ya jiƙan Alhaji, shi ya koya mini duka biyun.