Furen Inna da Gwangwanin Tumatir

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙa wa surukina gwangwanin tumatir ina murmushi ba. Har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

Lokacin ina koyarwa a lakol ɗin Gangara, wato makarantar boko, aurenmu da Hadiza bai cika shekara biyu ba. Kowa a garin Mushe yake kirana, wato malam da bakin Faransanci, har ita, kuma (tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) sunan ya hau mini kai. Ina ganin duk abin da ba a rubuta a littafi ba jita-jita ne, wanda aka rubuta kuwa ai na riga na sani.

Hadiza tana da furanni gindi uku a tsakar gida, cikin tsofaffin bokitai da aka huda gindinsu. Jajaye ne manya, kamar furen yakuwa amma sun fi shi faɗi da kyau. Mahaifiyarta ce ta shuka uwarsu a gidansu na Cadawa. Bayan Allah ya yi mata rasuwa, Hadiza ta yanko rassa ta zo da su, ta yi ta lallaɓa su har suka kama. Furen Inna take ce musu. Da safe kafin ta ɗora ruwan koko sai ta duba su, wani lokaci in ji tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, in yi kamar ban ji ba.

Cikin daminar nan ƙanwarta ta haihu a Cadawa, ta shirya tafiyar mako biyu. An ba mu hutun lakol, ba ni da aikin fari balle na baƙi. Tana bakin ƙofa da kayanta ta waiwayo.

"Mushe, ga furen Inna nan. Ruwa kawai za ka riƙa ba su in sama ba ta yi ba. Kada ka yi musu komai bayan haka."

Na ce, "Haba Hadiza, mutumin da ke riƙe da aji guda zai kasa riƙe bokiti uku?"

Ta dube ni, ta dubi furannin, ta tafi.

Tana tafiya ruwa ya ɗauke. Kwana huɗu ina ba su ruwa lafiya lau. A rana ta biyar na lura sababbin ganyen sun fara nannaɗewa kamar an murza su, in na taɓa sai in ji danƙo a yatsana. Kiyashi kuma sun yi layi suna hawa suna sauka. Wasu tohon furen tun ba su buɗe ba suka sunkuyar da kai. Gabana ya faɗi, amma malamin da ke cikina ya ce in kwantar da hankali, bincike za a yi.

Na tsuguna na ƙura ido. Ba a jima ba na ga mai laifin. Wani ɗan ƙwaro ne mai ƙwarya-ƙwaryar baya, girmansa bai kai ƙwayar wake ba, launin jan goro da ɗigon baƙi, yana yawo a kan ganye hankali kwance kamar gonar ubansa. Na ga na biyu, na ga na uku. Shi ke nan, na gama shari'a. Ga ɓarna, ga wanda aka tarar a wurin, me kuma ake jira?

Na samo gwangwanin tumatir, na zuba ɗan kananzir a ciki, na fara farauta. Kullum bayan sallar asuba in gari ya waye sai in ɗauko kujera 'yar tsuguno, in bi reshe-reshe ina tsince su ina jefawa. Har wasu 'yan tsutsotsi baƙaƙe masu kama da ɗan kada da na gani suna bin jijiyar ganye ban bari ba, don na ce in ba 'ya'yansu ba ne to abokan cin mushensu ne. (A nan kaɗai na yi daidai, 'ya'yansu ne.)

Wata safiya Adama ta tarar da ni a kan aikin. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan gari, ita ke kawo mana nono. Ta sauke ƙwaryarta, ta leƙa gwangwanin, ta daɗe tana kallo.

"Mushe, wanga ƙwaro bai cin haki fa. Mu muna ganin shi cikin wake, ba mu taɓa shi."

Na yi mata irin murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsar da ba ita ba. Na ce, "Adama, ke da shanu, ni da littafi. Kowa ya tsaya inda ya ƙware."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta auna mini nono ta wuce.

Abin mamaki, ina ƙara kama su, furannin suna ƙara lalacewa. Ganyen ƙasa suka yi baƙi-baƙi kamar an shafa musu bayan tukunya. Bokiti ɗaya ya zubar da tohonsa kaf. Mai hankali da ya tsaya ya sake tunani. Ni kuwa sai na ce ashe maƙiyan sun fi yadda nake zato yawa, na ƙara farautar la'asar a kan ta safe.

Ranar kasuwar Gangara Hadiza ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Mahaifinta ya rako ta, tunda yana son ya ga wani bijimi a kasuwa. Baba manomin gyaɗa da wake ne tun kafin a haife ni, mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ya ce "to" sai ka kwana kana tunanin wace irin "to" ce. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, aka kawo ruwa da fura.

Hadiza ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bokitan. Da na leƙa sai na gan ta tsaye, ta riƙe wani ganye da ya nannaɗe, idonta ya kawo ruwa. Baba ya lura, ya tashi ya shigo tsakar gidan.

To a nan ne ya kamata in sunkuyar da kai in ce ban san abin da ya faru ba. Da an wuce wurin. Amma ina, sai na ruga na ɗauko gwangwanina, na riƙe shi da hannu biyu na miƙa wa Baba.

"Baba, kada hankalinku ya tashi, na gano masu ɓarnar. Kwana tara ina yaƙi da su. Ga su nan, ko ɗaya ban bari ba."

Ban tsaya nan ba. Na shiga bayani, yadda suke huda ganye, yadda suke tofa danƙon nan, yadda manomanmu ke asara saboda rashin sanin ƙwari. (Manomanmu fa na ce, a gaban Baba.) Har da kalmomin Faransanci biyu na jefa don maganar ta yi nauyi.

Baba ya karɓi gwangwanin, ya karkata shi wajen haske, ya duba. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali. Sannan ya kama wani ɗanyen ganye na saman reshe ya juya bayansa.

"Malam, matso ka gani."

Na matsa. Bayan ganyen cike yake maƙil da wasu ƙananan ƙwari, kore-kore da baƙi-baƙi, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, sun manne da juna ko motsi ba sa yi. Ya juya wani ganyen, haka. Ya nuna mini wuyan toho, sun yi masa zobe. Kwana tara ina zaune a gaban furannin nan, ban taɓa juya ganye ko ɗaya ba.

"Wagga ita ce darɓa," in ji shi. "Ita ka tsotse ruwan ganye shi nannaɗe. Danƙon da kake ji kashinta ne, shi kiyashi ka biɗa, shi ya sa suke tsaronta kamar yadda makiyayi ke tsaron shanu. Baƙin ga kuma a kan danƙon yake tsirowa."

Na ce, "To waɗannan na gwangwani fa, Baba?"

"Waɗannan darɓar suke ci. Abincinsu ke nan, su da ɗiyansu." Ya shafa gemu. "Ka kame jandarmomi, Malam, ka bar ma ɓarayi gari."

Ban san Adama ta shigo ba sai da na ji an ajiye ƙwarya a bayana. Ta gaida Baba, ta ja gefe tana gyara faifan nononta da bai buƙatar gyara. Hadiza kuwa, da hawayen a fuskarta, dariya ta kufce mata, ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Gangara ba ta taɓa yi wa kowa wannan alfarma ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar Baba har gobe shi ne bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Ya fasa zuwa ganin bijimin da wuri, ya sa na tsinto 'ya'yan dogon yaro da suka bushe a gindin itacen ƙofar gida. Na ɓare, na daka a turmi (Mushe guda da taɓarya, maƙwabta suna leƙe ta katanga), muka jiƙa a ruwa. Ya ce a bar shi ya kwana, gobe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, a yayyafa da la'asar in rana ta yi sanyi, kuma a bi bayan ganye, don can suke. Kafin nan ya sa muka cire ganyen da suka fi lalacewa, muka wanke sauran da ruwa muna murje darɓar da yatsa, muka zuba toka a kewayen bokitan don kiyashi. Da zai tafi ya ce a maimaita bayan kwana biyar, in kuma jan ƙwaron ya dawo a bar shi ya yi aikinsa.

Na raka shi har bakin hanya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wanda bai damu ba ai ba ya kwana tara a gaban bokiti. Allah shi yi albarka." Wannan ta fi zagi sa ni jin kunya.

Gindi ɗaya bai tashi ba, ya bushe. Biyu sun farfaɗo, kafin kaka suka yi fure, daga baya Hadiza ta yanki reshe ta mayar da na ukun. Ta yafe mini, sai dai da aka koma lakol ta ɗauko littafin da nake koyar da darasin halittu da shi, ta buɗe wani shafi can wajen ƙarshe ta ajiye mini kusa da kwanon tuwo. Ga hoton ƙwaron nan ja mai ɗigo, a ƙarƙashin babin ƙwari masu taimakon manomi. Shekara uku ina tsallake babin don lokaci ba ya isa.

Abin da na koya dai shi ne, ba duk wanda ka tarar a wurin ɓarna ne ya yi ta ba, wani gyara ya zo yi. Na kuma koyi cewa in mai nono ta ba ka shawara ka karɓa tun kuna ku biyu, don in ka ƙi, za ka sake jin ta daga bakin surukinka, a gaban matarka, kana riƙe da shaidar laifinka da hannu biyu.